Tarin da Aska Ba Ta Yanka

Wanda bai san Umaru Wanzami ba sai yanzu, da ya zama tsoho mai aske kawunan 'yan acaɓa a gindin dalbejiya a bakin kasuwar Samaru, zai ɗauka haka Allah ya yi shi: ba fara'a, ba hira, aski kawai, kai da gemu, a kakkaɓe maka wuya ka ƙara gaba. Ya haura tamanin, amma ƙirji kamar ƙofar gareji, in ya yi atishawa sai kajin masu kaji su watse. Lafiya ce da shi irin wadda masu hali ke hawa jirgi su nema ba su samu ba. Sai dai in ka yaba masa ita, zai dube ka kamar ka zagi uwarsa.

Da ba haka yake ba. Shekaru talatin da wani abu da suka wuce, a Zabi ta Sabon Gari, Umaru shi ne bakin unguwa. Wanzanci gadonsa ne, uba da kaka. Yana aski, yana ƙaho, yana kaciya, kuma duk wanda ya zauna gabansa sai ya tashi da rauni biyu, na aska da na baki. Amma abin da ya fitar da sunansa har Jushi da Basawa shi ne belu.

Belu dai kowa ya san shi, ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa, a bakin maƙogwaro. Wanzamai kan cire wa jariri tun a satin haihuwa. To in babba ya kama tari ya ƙi jin citta da zuma, sai a ce belu ne ya sake tofowa, ya yi tsawo, yana sosa masa wuya ta ciki. A nan ake kiran Umaru. Zai zaunar da mutum a tabarma ya fuskanci hantsi, wani ya rungume masa kai ta baya, ya danne harshe da ɗan katako, ya sunkuyo har hancinsu ya kusa gaisawa, ya zura 'yar aska mai lanƙwasa kamar lauje. Kafin ka ƙifta ido ya fito da ɗan jan nama a bakinta.

"Ga ɓarawon," haka yake cewa. "Ku gaisa kafin in binne shi."

Sai a bi da kunun kanwa mai zafi da yaji.

Kuma tari kan tsaya, nan ne gizo ke saƙa. Wa zai yi tari da ɗanyen rauni a maƙogwaro? Mutum ya danne, ya haɗiye, hawaye na zuba, a yi kwana da kwanaki maƙwabta ba su ji motsinsa ba, sai a ce hannun Umaru ba dama. In tarin ya dawo da jini, a ce ragowar yanka ne, mugun jini ke fita. In mutum ya rame, a ce ai tuwo ne ba ya haɗiyuwa. In ya mutu, a ce kwana ya ƙare. Ta duk inda aka ɓullo, aska ce mai gaskiya. Umaru ba macuci ba ne, ya yarda da aikinsa kamar yadda ya yarda gobe rana za ta fito. Da macuci ne ma da abin ya zo da sauƙi, don macuci ba ya gwada kayansa a gida.

Gidan haya suke zaune, irin mai dogon lungu a tsakiya, ɗakuna na kallon juna. Ɗaki ɗaya ne da shi, shi da matarsa Barakatu da 'ya'yansu biyu da suka rayu, Muntasir da Raihana. Taga ɗaya ce, ita ma an toshe ta da kwali da tsumma, saboda sauro da kuma sanyi, don kowa ya san sanyi ne uban tari. A ɗakin da ke jikin nasu akwai Sati kafinta, Kirista ɗan Wusasa, sa'an Umaru kuma abokin tsiyarsa. Bangon da ke tsakaninsu, in Sati ya yi minshari Umaru kan ce amin.

A shekarun nan da kananzir ya zama kayan gabas, albashi ya daina kai rabin wata, mutane suka yi ta cunkusuwa a ɗakuna, tari ya sauka a Zabi kamar ya kama haya. In ka bi lungu da asuba sai ka ji ɗaki na amsa wa ɗaki, kamar zakaru. Makarar masallacin unguwa ba ta bushewa. Sati, da ke ƙera bencin makaranta, ya wayi gari akwatin gawa ne ke ciyar da shi. Ibukun tela, na ɗakin ƙarshe, ya tafi. Mijin Mama Oluoma mai garin kwaki ya bi shi. Dukansu Umaru ya cire wa belu, don aska ba ta tambayar yare.

"Sarkin Aska," in ji Sati wata safiya yana goga katako a ƙofar gida, "ka rage hannu mana. Katako ya yi tsada."

"Wanda na yanka warkewa yake," in ji Umaru. "Masu zuwa wurinka, bugun gudumarka ke kiransu. Ka taɓa ganin kafinta ya yi wa mutum fatan alheri?"

"To ka haɗa kamfani da ni, mu rubuta allo: a shiga ta wurin Umaru, a fita ta wurin Sati."

Suka yi dariya, Umaru har da tari. Yana da ɗan tarinsa na safe, ya daɗe da shi, shekara da shekaru, bai taɓa kwantar da shi ba. Ya ce garin taba ne. Yakan jiƙe riga da gumi cikin barci, ya ce ɗakin ne ba iska. Mutum ne mai ƙashin doki, abin da zai kayar da wani shi ko mura ba ya ɗaukarsa.

Barakatu ce ta fara. Ita ke dama wa marasa lafiyarsa kunun kanwa, mace mai sanyin magana wadda in mijinta ya saki baki sai dai ta ce, "Malam, a bar wa gobe saura." Da tarinta ya kai wata biyu, ita da kanta ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Ya yanka. Ta sha kunun da ta dama da hannunta, ta yi masa godiya da ido. Clara matar Sati ta ba da shawara a ware mata kofi da cokali, aka ware, aka ɗaura wa kofin jan zare. Daga nan su huɗu suka shiga ɗaki suka rufe ƙofa suka kwanta, kofi can a gefe shi kaɗai, ba abin da ya same shi. Ta rasu da damina, nauyinta bai kai na buhun dusa ba.

Muntasir kwandasta ne a motar Sabon Gari zuwa Samaru, saurayi mai murya, in ya ce "Samaru, Samaru, saura mutum ɗaya!" ana ji daga bayan layin dogo. Muryar ce ta fara tafiya. Ɗan fari ne, don haka Umaru bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". Yaron nan ya sha yanka sau biyu. Shekara na zagayowa aka sake aro makara. Da ana saka shi a kabari aka ji Umaru ya ce, "A hankali da kan Muntasir." Ranar ce kaɗai sunan ya fita daga bakinsa, mai sunan kuma bai ji ba.

Saura Raihana, auta.

Ita ce ta gaji bakin. Siririya, mai ido a tsaye, ta gama sakandare tana aiki a wani shagon buga takardu a Samaru, inda ɗaliban jami'a ke kai rubutunsu mai kama da tafiyar kaza ta mayar musu da shi abin karantawa. Ita kaɗai ce a duniya ke ce wa Umaru, "Baba, wannan labarin ka ba mu jiya, kuma jiya ɗan sandan ɗaya ne, yau sun zama uku." Bayan mutuwar biyun, ita ce dalilin da ya sa yake rataya zabira ya fita, ita ce kuma dalilin da ya sa yake dawowa.

Ranar da ya fara jin ta yi tari a bayan labule, ya ajiye lomar da ke hannunsa.

Ba a jima ba mai shagon ya sallame ta, cikin mutunci, wai ta je ta huta, ɗalibai na ja da baya in ta miƙo takarda. Ta dawo ta zauna a bakin gado.

"Baba, 'yan jami'a sun ce tibi ne. Tarin fuka. Sun ce akwai magani a asibitin Saye, ba a ma biya."

"'Yan jami'a sun taɓa leƙa maƙogwaro? Takarda suka sani. Ke kuma har kin haɗiye."

"Inna ta tafi, Yaya ya tafi."

"Kwanansu ne ya ƙare. Auta, kin san ko wane asibiti ne wannan? Na kutare ne. A ga 'yata ta shiga can, wa zai sake cin abinci da ke? Wa zai sake miƙo mini kansa? Kuma irin wannan ciwon ba ya son allura, ana soka miki shi ke nan."

Ba ƙarya yake ba ta fuskar mutane. Asibitin na duba masu kuturta da masu tari a wuri ɗaya, a wancan zamanin kuwa in aka ce an gan ka a hanyar can, ko sallama ka yi sai a amsa daga nesa. Akwai kuma abin da bai faɗa ba, ko ga kansa. In har tarin Auta na asibiti ne, to na uwarta fa? Na yaron nan fa? Na Ibukun?

Raihana ta dube shi. Ta san ubanta. Ta ce, "To a dama kunun da sukari dai, ni ba Inna ba ce."

Ya yanka. Abin da ya fito ɗan mitsitsi ne, bai ce mata su gaisa ba. Aka yi mako guda tsit. Umaru ya fara ɗaga kafaɗa a lungu, har ya ce wa Sati ya nemi wata sana'a. Sai tarin ya dawo, wannan karon daga can ƙasa, kamar ana jan guga a rijiyar da ta ƙafe. Wuyanta ya zama kamar na gauraka. Zoben da ke yatsarta ya koma babban yatsa, daga nan ya faɗi ya shige ƙarƙashin gado, ba wanda ya neme shi.

Wata safiya ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda hantsi ke sauka, ya buɗe zabira. Zai sake. Sai dai babu mai riƙe kai. Matan gidan kowace ta tuna tana da tukunya a wuta. Dole ya ƙwanƙwasa wa Sati.

Sati ya fito da fensir a bayan kunne. Ya dubi tabarma, ya dubi yarinyar da aka jingina da bango, ya dubi askar.

"Sannu, Raihana."

"Yauwa, Baba Sati. Ka zo awo ne? Ba na shiga akwati, mu a tsumma ake naɗe mu."

"Rufe mini baki, 'yar banza," in ji Sati. Ya juya ga Umaru. "Sarkin Aska, me za ka yanka?"

"Belu. Ya tofo."

"A wata ɗaya? Belu ne ko alayyafo?"

"Kai dai riƙe mini kai. Ban kira ka wa'azi ba, yau ba Lahadi ba ce."

"Zan riƙe. Amma bisa sharaɗi. Kai ma tari kake, shekara nawa ina jinka ta bango. Mu fara da kai. Ka zauna, in aika Jushi a kira wani wanzamin ya cire naka, in ka warke sai a yi mata."

"Nawa an cire tun ina cikin tsumma. Ubana ne ya cire, hannun da ba a maimaita masa aiki."

"To me kake wa tari?"

"Taba ce."

"Ka bar taba tun rasuwar Barakatu, ni ka ba ragowar. Lallai wanzami ba ya son jarfa."

Umaru ya buɗe baki zai ba da amsa, don bai taɓa barin magana ta kwana a kansa ba, sai tari ya riga amsar fita. Ya kare baki da tsumman goge aska. Da ya janye, ya yi saurin dunƙulewa, amma Sati ya gani, Raihana ma ta gani. Ba yawa, ɗan zare ne ja a cikin kaki. Shi kuwa ba wanda ya yanka shi.

"Riƙe kan," in ji Umaru a hankali.

Sati ya durƙusa ya rungume kanta, ya kau da fuska. Umaru ya danne harshe, ya sunkuya, hantsi ya haska masa har ciki. Ya duba dama, ya duba hagu. Tunda ya fara sana'a bai taɓa leƙa baki ya rasa abin yanka ba, ko yaya sai ya samu ɗan tsiro, ɗan kumburi, wani abin da za a ɗora wa laifi. Nan babu komai. Wuri ne fayau, sai tabon aikinsa na wancan watan, ya warke tsaf, aiki mai kyau. Daga can ƙasan ramin, inda aska ba ta kaiwa, numfashinta ke fitowa da zafi da wani ƙara kamar ana taka busasshen ganye.

Ya zare katakon. Raihana ta haɗiye yawu da ƙyar.

"Baba, ka yanka ko mene ne ka gani. In dai zan samu barci."

Ya laluba zabira ya ciro madubin da yake miƙa wa masu aski, ya juya ya fuskanci rana, ya wangale bakinsa, ya danne nasa harshen da katakon. Matan da ke da tukunya a wuta duk sun leƙo. Ƙaton mutum tsaye a tsakar gida, baki buɗe, yana kallon cikin kansa. Ubansa bai yi ƙarya ba, hannun ba a maimaita masa aiki. Babu belu, babu gurbinsa ma.

Ya daɗe a haka. Sannan ya rufe baki ya ce, "Kafinta, motar nan da ke kawo maka katako, tana nan?"

A bayan akori-kura aka kwantar da ita, kan katifa, kanta a cinyar Clara. Umaru ya zauna a gefe ya riƙe ƙarfe. Sai da motar ta ratsa Zabi kaf, don hanyar ke nan, masu shayi da masu faci suna miƙewa suna kallo. Wani ya ɗaga murya, "Wanzam, ina zuwa?" Sati ya buɗe baki zai ce Tudun Wada don rufin asiri, Umaru ya riga shi.

"Saye."

Ba wanda ya ce a dawo lafiya.

Wata nas ce ta karɓe su, Sista Bibiana, gajeriya mai tabarau, Hausarta irin ta kudancin Kaduna. Ta sa aka shiga da Raihana, ta dawo ta tambayi Umaru su nawa ke kwana a ɗakin, da ko an yi rashi a gidan. Ya faɗa. Ta tambayi sana'arsa.

"Wanzami."

"Kana cire belu?"

"Ina cirewa."

Ya so ta yi faɗa, ya shirya amsoshi tun a mota. Sai kawai ta miƙa masa 'yar roba mai murfi ta ce, "Baba, kai ma ka tofa mana a nan."

Da sakamako ya fito, duk su biyun ne. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsu a jikin taga. Na Umaru, in ji shi, tsohon ciwo ne, ya daɗe yana ci yana hutawa, jiki mai ƙarfi ya riƙe shi a lungu ɗaya. Na Raihana ya ci ɓangare biyun. Umaru bai iya karanta hoto ba, amma ya ga nasa da sauran baƙi mai yawa, nata kuwa kamar an watsa farar ƙasa.

A baranda ya tare Sista Bibiana. "'Yata, ta ina yake shiga? Mun ware kofi."

"Ba kofi ba ne, Baba. Numfashi ne. Mai shi ya yi tari, na kusa ya shaƙa."

"To ni na sa musu, ko su suka sa mini?"

"Wannan ba mai iya sani."

Ta wuce da tirenta. Shi kuwa ya tsaya yana tuna bakuna. Na Zabi, na Jushi, na matan sojoji a Basawa, na jarirai 'yan kwana uku. Kowane ya sunkuya a kansa hanci da hanci, wasu sun yi masa tari a fuska ya goge yana dariya, wasu shi ya yi musu. Ya yi ta yawo da abin gida gida a ƙirjinsa, ana yi masa sannu da zuwa, ana shimfiɗa masa tabarma.

Aka kwantar da su, shi ɓangaren maza, ita na mata. Kullum da safe a jera a haɗiye ƙwayoyi a gaban nas, wasu har da allura. Allurar ba ta kashe kowa ba. Kutaren da yake tsoro kuwa su ne suka nuna masa inda ake ɗiban ruwa.

Magani ya kama Umaru kamar dama jiransa yake. Cikin 'yan makonni gumin ya tsaya, tarin ya ja baya, yunwa ta taso masa irin wadda rabonsa da ita tun yana saurayi. Kumatu suka ciko. Kullum Clara na aiko da abinci a langa mai hawa biyu, sama na Raihana, ƙasa nasa, Sati ke kawowa a keke. Nasa ba ya kai minti biyar. Nata yakan koma kusan yadda ya zo.

Da hantsi akan fito da ita baranda ta sha iska, ya zo ya zauna a ƙasa kusa da kujerarta.

"Baba, kai jinya ka zo ko kiwo? Sallah ta kusa, ka yi hankali da mahauta."

"Ki ci abinci, Auta. Ko loma uku."

"Ba ya wucewa." Ta huta, ta tara numfashi. "Ka ga maganin ya mai da fitsarin kowa ja? Wata tsohuwa a ɗakinmu ta ce ita ba za ta yarda ba, an mai da ta kwalbar lemo."

Ya yi dariya don ta ga ya yi. Ya so ya ce mata wani abu, ya yi ta juya shi a baki kwana da kwanaki. Mutumin da bai taɓa rasa magana ba. Ranar da ya daure ya fara, "Auta, da tun ranar da kika ce...", sai ta ɗaga hannu.

"Baba, wannan labarin kar ka fara shi. Na san yadda kake, kullum zai riƙa ƙaruwa."

Ma'aikatan sun yi iya yinsu, har ƙarin ruwa da na jini. Sista Bibiana ta ce da an zo da wuri, sai ta katse maganar ta gyara tabarau. Raihana ta rasu wata Talata bayan la'asar, ana yayyafi, ubanta na can bakin famfo yana wanke mata kofi.

Aka ba shi izini ya bi gawa. Mutanen Zabi sun zo jana'iza, ba laifi, sai dai sahun da yake ciki ya fi sauran faɗi. Da dare ya koma asibiti da ƙafarsa, don ba shi da wani wurin da zai koma.

Washegari aka jera shan magani, gadon Umaru ba motsi. Ya juya wa ɗaki baya. Sista Bibiana ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ajiye ƙwayoyin a ɗan faranti ta ce za ta dawo. Ana haka Sati ya shigo da langa, ƙafar wandonsa ɗaure da roba saboda sarƙar keke.

"An ce ka yi yaji."

Umaru ya ƙara matsawa jikin bango.

"Sarkin Aska, da kai nake."

"Kar ka sake kirana da sunan nan." Bai juyo ba. "Ka ce su ba wani. Maganin ya yi kuskuren gado. Ni ban roƙa ba."

Sati ya ajiye langa, ya ja kujera ya zauna.

"Kana ganin in ka bari mutuwa za ka yi? Kai? Ina ma. Na san ka, ƙaton banza ne kai, abin nan ya yi shekaru yana cinka bai kai ƙashi ba. Ba inda za ka. Gida za ka dawo, ka zauna a lungu kana tari, ka ƙara shekara ashirin. Ni kuma ina da Othniel da Diana, ƙanana ne, a lungun nan suke wasa, kuma ka san duk abin da ka ci sai sun zo sun buɗe maka baki." Ya tura farantin kusa da shi. "Ban zo lallashi ba. Ba don kai ba ne. Ka sha, ka gama watanninka, in ya so ka mutu da wani abin daban, ni zan ma taya su haƙa."

Umaru ya juyo. Idanunsa sun kumbura sun yi ja. Ya dubi Sati kamar zai kai masa duka, Sati bai kau da kai ba. Sai ya tashi zaune, ya tattara ƙwayoyin a tafin hannu, ya watsa baki, ya bi da ruwa.

Sati ya buɗe langa don ya samu abin yi da hannunsa. Nan ya tsaya. Clara ta tashi da asuba ta yi abin da hannunta ya saba: hawa biyu ta cika, tuwon masara da miyar kuka a ƙasa, a sama ɗan fate mai ruwa-ruwa da take yi don ya wuce a maƙogwaron mara lafiya. Ya yi sauri zai mayar da murfin na saman.

"Bar shi," in ji Umaru.

Ya ja na ƙasa ya fara. Bai so ba, Allah ya sani bai so ba, amma cikin bai san an yi mutuwa ba. Ya cinye tuwon tas. Ya zauna yana kallon faten, hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a ciki. Sati ya tashi ya tsaya a bakin taga ya ba shi baya. Can sai ya ji ƙarar cokali na kankare gindin langa.